Zafin injin mota: Yadda iska ke maƙalewa a hanyoyin ruwa da yadda ake fitar da ita

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Kano, ba a rasa ganin motoci a gefen titi, bonet a ɗage, tururi na tashi, direba na cigiyar mai sayar da ruwan leda. Haka abin yake a cunkoson Mararraba zuwa Nyanya, inda ma'aikata ke tururuwar shiga Abuja kowace safiya. Yawancin masu waɗannan motoci sukan zuba ruwa su ci gaba da tafiya, suna ganin magana ta ƙare. Amma injin da ya yi zafi ba tare da an gano musabbabin ba zai sake yi, kuma a irin wannan maimaici ne gasket ke ƙonewa ko kan injin ya lanƙwashe, gyaran da kan lashe albashin ma'aikaci ko ya taɓa jarin ɗan kasuwa.

Abin da ya fi ɗaure wa masu mota kai shi ne a kai ta gareji, a sauya lagireto ko famfon ruwa, a biya kuɗi, bayan kwana biyu kuma allurar zafi ta sake hawa. Sau da yawa ba kayan da aka saka ne ke da laifi ba. Iska ce ta maƙale a hanyoyin ruwa lokacin da aka sake cika su, ba a kuma fitar da ita ba.

Yadda ruwa ke sanyaya inji

Wutar da fetur ke yi a cikin silinda takan haura digiri 2,000, alhali sanholon da ake ƙera kan injin yawancin motocin zamani da shi yana narkewa ne a digiri 660. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da aka ƙona ne kawai ke juya taya. Kusan wani kashi ɗaya yana fita ta salansa, sauran kuma ruwa ne ke da alhakin kwashe shi.

Famfon ruwa, wanda bel ke juyawa a yawancin motoci, shi ke tura ruwa ta cikin ƙananan hanyoyin da aka ratsa jikin inji da kansa, wato abin da makanikai ke kira top silinda. Ruwan yakan ɗebi zafi, ya bi tiyon sama zuwa lagireto, ya ratsa siraran bututunsa, iskar tafiya ko ta fanka ta sanyaya shi, sannan ya koma inji ta tiyon ƙasa. A kan wannan hanya akwai tamostat, wata 'yar ƙofa mai ɗauke da kaki a cikinta. Tana rufe muddin injin na da sanyi, idan zafi ya kai tsakanin digiri 80 zuwa 90 da ɗoriya, gwargwadon irin motar, sai kakin ya kumbura ya buɗe ta. Da haka inji ke zama a zafin da aka tsara masa, wato tsakanin digiri 90 zuwa 105 a yawancin motoci.

Tun da ruwa na tafasa ne a digiri 100, sai a yi tambaya: yaya ba ya tafasa a cikin inji? Amsar tana murfin lagireto. A samansa akan ga lamba irin 0.9 ko 1.1, wadda ke nuna yawan matsin da yake riƙewa. Ƙarƙashin wannan matsi ruwa zalla ba ya tafasa sai ya kai kusan digiri 120, idan kuma rabinsa ruwan sanyaya inji ne, wanda ake kira kulant, sai ya haura 125. Idan ruwa ya kumbura da zafi, murfin yakan bar rarar ta wuce zuwa ƙaramin tankin roba da ke gefe, idan ya huce kuma ya zuƙo ta ta dawo. Motoci irin su Toyota Corolla da Honda Accord na da suna bin wannan tsari. Wasu kuwa, kamar Golf da motocin Peugeot da yawa, murfin matsin yana kan tankin robar ne, ta nan ake zuba ruwa.

Lokacin da zafin ke zuwa yana nuna tushensa

Kafin a sayi kowane kaya, yana da kyau mai mota ya lura da yanayin da allura ke hawa, domin shi ne bayani mafi amfani da zai kai wa makanike.

Idan mota na zafi a cunkoso ko a tsaye, amma tana hucewa da zarar an hau babban titi, zargi na farko yana kan fanka: ko fiyus ya ƙone, ko na'urar da ke kunna ta ta lalace, ko injin fankar ya raunana. Akan kuma samu fankar da aka haɗa wayoyinta a juye bayan gyara, tana tura iska gaba maimakon ta jawo ta baya.

Idan akasin haka ne, wato lafiya lau a cikin gari amma zafi a doguwar tafiya ko a hawan tudu, to ruwa ko iska ba sa ratsa lagireto yadda ya kamata. Tsatsa da dattin ruwa kan toshe bututunsa ta ciki, ƙurar hunturu da ƙwari da ledoji kuma su toshe shi ta waje, musamman a tsakaninsa da abin sanyaya ɗakin mota da ke gabansa. Famfon ruwan da fukafukansa suka cinye, ko bel ɗin da ya saki, su ma suna haifar da irin wannan.

Idan allura na hawa cikin 'yan mintuna da tayar da mota alhali lagireto na nan da sanyi, mai yiwuwa tamostat ta maƙale a rufe. Idan kuwa ruwa na raguwa kullum, to akwai yoyo a tiyo, ko a bakin famfo, ko a inda robar lagireto ta haɗu da ƙarfensa, ko kuma murfi ya gaji yana sakin matsi da wuri. Murfi na daga cikin kayan da suka fi araha a wannan tsari, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Yadda iska ke shiga da ɓarnar da take yi

Hanyoyin ruwa na inji ba miƙaƙƙu ba ne. Suna da kwana da lunguna, wasu wuraren ma sun fi bakin lagireto tsawo. Duk lokacin da aka zubar da ruwa don sauya tiyo, tamostat, famfo ko lagireto, iska ce ke maye gurbinsa. Idan aka kwarara sabon ruwa da sauri, sai ya toshe wa iskar hanyar fita, kamar yadda jarka ke shaƙewa idan aka matsa mata da zuba. Bakin lagireto zai nuna ya cika, alhali akwai lungunan da ruwa bai kai ba. Iska kan kuma shiga idan ruwa ya ragu sosai, ko tankin roba ya bushe har murfi ya zuƙo iska lokacin hucewa, ko bayan tafasa.

Iska ba ta ɗaukar zafi kamar ruwa, kuma a kullum sama take nema, wato kan inji, wurin da ya fi ko'ina zafi. Duk inda ta zauna, ƙarfen wurin yakan yi zafi fiye da kewayensa, ruwan da ya taɓa shi ya zama tururi, tururin ya ƙara ture ruwa waje. Idan ta taru a bayan tamostat, kakin ba zai ji zafin ruwa ba, don haka ƙofar ba za ta buɗe a kan lokaci ba. Idan ta kai famfo, fukafukansa sai su riƙa juyawa ba tare da tura ruwa sosai ba. Idan kuma ta kewaye na'urar auna zafi, allura za ta ba da labarin ƙarya, fanka ma ta ƙi tashi a lokacin da ake bukatarta.

Alamominta sanannu ne. Allura na hawa tana sauka ba gaira ba dalili. Ana jin ƙarar gudun ruwa a bayan dashbod idan aka tayar da mota ko aka taka totur. Hita na busa sanyi ko da injin ya yi zafi. Tankin roba na ambaliya bayan an kashe mota. Mafi muhimmanci, matsalar ta fara ne bayan wani gyara da ya shafi ruwa.

Yadda ake fitar da ita

Aikin ba ya bukatar kaya masu tsada, haƙuri kawai yake so, domin yakan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda. Sharaɗi na farko shi ne injin ya huce sarai, kuma a yi aikin a fili saboda hayaƙin salansa na kisa a rufaffen wuri.

Ana tsayar da mota gabanta na kallon tudu, ko a ɗan ɗaga gaban da jak, domin bakin zuba ruwa ya zama wuri mafi tsawo. Sai a buɗe murfi, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a bar fankarta a mataki mafi ƙasa. A wasu motoci wannan ne ke buɗe hanyar ruwa zuwa ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod, inda iska ta fi son ɓuya. Daga nan a zuba ruwa a hankali ta mazurari, ana dakatawa, ana matsa tiyon sama da hannu domin kumfa ta taso.

Wasu motoci, irin su Peugeot 406, suna da ƙananan sukurori na fitar da iska a kan tiyon hita ko kusa da gidan tamostat. Ana kwance su yayin zuba ruwa. Da farko za a ji huci, sannan ruwa mai kumfa ya biyo. Idan ruwa ya fara fita santal ba kumfa, sai a ɗaure, ana farawa daga na ƙasa zuwa na sama. Da yawansu na roba ne, don haka ba a matsa musu da ƙarfi.

Bayan haka sai a tayar da injin, murfi na buɗe, na'urar sanyaya ɗaki na kashe, a bar shi yana aiki ba tare da taka totur ba. Idan tamostat ta buɗe za a ga ruwa ya faɗa ƙasa farat ɗaya, tiyo biyun kuma su yi zafi. Sai a ƙara ruwa. Ɗan taka totur zuwa juyi 2,000 ko 2,500 na wasu daƙiƙoƙi, sau uku ko huɗu, yana taimaka wa famfo ya kore sauran kumfa. A duk tsawon wannan lokaci dole wani ya sa ido a kan allura, in ta doshi ja a kashe nan take. A kuma nisantar da hannu da hannun riga daga fanka da bel, domin fankar lantarki kan tashi ba sanarwa.

Ana gane aiki ya kammala idan kumfa ta daina fitowa, hita na busa zafi sosai, fanka ta tashi ta tsaya da kanta sau biyu, allura kuma ta tsaya wuri ɗaya. Sai a kashe injin, a mayar da murfi, a cika tankin roba zuwa tsakanin layuka biyun da ke jikinsa. Bayan ɗan zagaye a cikin gari, a bar mota ta kwana, a duba da safe. Raguwa kaɗan a rana ta farko ko ta biyu ba abin damuwa ba ne, ragowar iska ce ta fita. Wasu garejoji suna da na'urar da ke zuƙe iskar gaba ɗaya kafin a saka ruwa, kuma ita ce ta fi dacewa da motocin da hanyoyin ruwansu ke da sarƙaƙiya. Littafin kowace mota yana bayyana tsarinta, shi ne kuma abin bi idan ya saɓa da wannan bayani na gama-gari.

Idan kumfa ta ƙi ƙarewa

Iskar da ta maƙale tana da iyaka. Idan an shafe lokaci mai tsawo kumfa na ta fitowa, tana ƙaruwa idan an taka totur, to wata sabuwa ce ke shigowa, kuma galibi hayaƙin silinda ne ke kutsawa ta gasket ɗin da ya ƙone ko ta tsaga a kan injin. Sauran alamomin sun haɗa da farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, tiyo da ke tauri 'yan mintuna da tayar da mota, injin da ke rawa da safe, da ruwan da ke ƙarewa ba tare da ɗigo a ƙasa ba.

Kafin a yarda a buɗe inji, mai mota na da haƙƙin neman gwaji. Akwai wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin bututu, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin fetur na cikin ruwan. Akwai famfon hannu da ake matsa tsarin da shi don gano yoyo, akwai kuma awon matsin kowace silinda. Idan ta tabbata gasket ne, sauya shi kaɗai bai isa ba. Sai an auna ko kan injin ya lanƙwashe, a kai shi a daidaita idan da bukata, a ɗaure notunansa bi da bi da sifanar da ke auna ƙarfi, sannan a gyara abin da ya jawo zafin tun farko. In ba haka ba, sabon gasket ɗin ma ƙonewa zai yi.

Idan zafi ya kama a kan hanya

Da zarar allura ta doshi ja, direba ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya kunna hita zuwa ƙarshe, ya sauke gilasai. Abu ne mai wahala a watan Afrilu, amma hita na janye wani kaso na zafin injin har a samu wurin tsayawa. Sai ya sauka gefe ya kashe mota. Idan tururi na tashi, ya dakata kafin ɗaga bonet.

Ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan da ya haura digiri 100 matsi ne kaɗai ke hana shi tafasa, da an saki matsin sai ya yi tsartuwa zuwa fuska da hannu. A jira aƙalla rabin sa'a, har tiyon sama ya yi laushi ya kuma taɓu, sannan a rufa tsumma mai kauri a murɗa kaɗan, a bar huci ya fita tukuna. Haka nan ba a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko a cikinsa, domin sauyin gaggawa na iya tsaga ƙarfe.

Akwai tarko guda da ya kamata direba ya sani. Idan allura ta hau ja sannan ta faɗo da kanta, hita kuma ta koma busa sanyi, wataƙila ruwan ne ya ƙare har na'urar auna zafi ba ta taɓa komai. Ci gaba da tafiya a wannan hali na iya kashe injin cikin 'yan kilomitoci. Kuɗin janwe bai kai kuɗin inji ba.

Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye

Al'ada ce da ta yaɗu a garejojin Najeriya a cire tamostat daga motar da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli, bisa hujjar cewa an yi su ne don ƙasashen sanyi. Sai dai motocin da kamfanoni ke sayarwa sababbi a ƙasashen Larabawa masu tsananin zafi su ma da tamostat suke zuwa. Injin da ba shi da ita yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta ci gaba da ƙara masa mai kamar yanzu aka tayar da shi, shan fetur ya ƙaru, baƙin mai ya gurɓata da wuri, sassan ciki su riƙa cinyewa. A wasu injuna ma tamostat ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji, don haka idan babu ita wani kaso na ruwan ba zai je lagireto ba. Fankar da ba ta hutawa kuwa saurin mutuwa take yi, kuma tana ɓoye ainihin cutar har sai ta yi tsanani. Tamostat ɗin da ta lalace ana sauya ta ne da irinta. Gwajinta ma mai sauƙi ne: a saka ta a tukunyar ruwa a kan wuta, mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Ruwan da ya dace

Ruwan rijiya, na burtsatse da na leda suna ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa a jikin bututu, irin farin ɓawon da ake gani a cikin butar dafa shayi, ga kuma tsatsa. A gaggawa ana iya amfani da su don isa gida, amma ba su dace da zama na dindindin ba. Kulant na ɗauke da sinadaran hana tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Wani ana sayar da shi a haɗe, wani kuma sai an gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa marar ma'adinai, wanda bai kamata a rikita shi da ruwan batir mai asid ba. Kala ba ta nuna nau'i, don haka rubutun jikin galan da littafin mota ne abin dubawa, kuma gauraya nau'o'i daban-daban na iya haifar da dattin da ke toshe lagireto. Nau'in da aka saba da shi ana sauya shi kusan duk shekara 2, masu dogon zango kuma kan kai shekara 5. Sinadarin da ke cikinsa guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, saboda haka ba a barin sa a buɗe ko a cikin gorar lemo inda yara da dabbobi za su kai gare shi.

Abin da ya rage wa mai mota shi ne duba tankin roba sau ɗaya a mako da safe kafin tayarwa, leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo, da wanke ƙurar lagireto da ruwa marar ƙarfi bayan hunturu, kafin bazara ta kama. Duk ranar da aka yi gyaran da ya shafi ruwa kuma, kada ya karɓi makulli sai ya tambayi makanike ko an fitar da iska, ya kuma tsaya ya ga fanka ta tashi ta tsaya da kanta a gabansa.